Taken Kawuna Da Na Sata Na Sa A Waƙa

A lokacin ina ɗan lise, wato sakandare, a Tasawa, mai rawar kai, ba abin da ke gabana sai kiɗa. Mu huɗu muka kafa ƙungiyar nan da yau ake jin ta a kowace rediyo. Ba zan faɗi sunanta ba, domin laifin nawa ne ni kaɗai. Ko mikro ba mu da shi, a zauren gidan ɗayanmu muke gwaji, ni ne mai haɗa sauti.

Da muka zo yin waƙarmu ta farko, kiɗan ya ƙi yin armashi. Sai na tuna da kawuna na garin Korgom, tsohon ɗan tauri, irin waɗanda wuƙa ba ta cin jikinsu. Yana da takensa, kiɗan da ake yi masa shi kaɗai, wanda in ya ji ba ya iya zama. Amma ya daɗe da tuba, ya ƙone layunsa, ya roƙi makaɗa kada su ƙara buga masa. Duk na san wannan. Haka na je na lallaɓi tsohon makaɗinsa ya buga mini a ɓoye, na ɗauka da waya. Ya ja mini kunne cewa take ba abin wasa ba ne, na ce masa don tarihi nake so. Ƙarya na yi masa.

Na sa taken a waƙar, ta karɓu, aka shirya mana wasan farko bayan la'asar. Ina hawa dandali na hango kawu a sahun gaba, da farar rigarsa da carbi. Ashe mahaifiyata ta aika masa ya zo ya ga wasana. Da na yi magana da an canza waƙa, amma kunyar abokai ta rufe mini baki. Kiɗan na tashi na ga carbin ya faɗi, jikinsa na rawa. Ya miƙe ya yi wani ihu da ban taɓa jin irinsa ba, ya fizge wuƙar wani mai tsire da ke kusa, ya shiga fili yana kirari. Jama'a na tafi, sun ɗauka cikin wasan ne. Ni kuwa na daskare, na kasa ko kashe na'urar, har ya ja wuƙar a hannunsa kamar yadda ya saba a da. Wannan karon ta ci.

A moto, wato babur, muka kai shi asibiti, ina riƙe da shi ta baya, jininsa na zuba a ƙafata, ina ta salati ina roƙon Allah kada ya cika a hannuna. Ya rayu, amma yatsunsa na hagu ba sa naɗewa, hauya ta gagare shi. Da na durƙusa neman gafara bai zage ni ba. Cewa ya yi shekara da shekaru yana gudun kiɗan nan, bai san ɗan ƙanwarsa ne zai kawo masa shi ba.

Na bar ƙungiyar, amma waƙa ta riga ta fita, ba ta kiruwa. Har yau duk ranar kasuwa gabana faɗuwa yake, kada wani ya kunna ta kusa da shi. Na gane cewa sanin abu bai ba ka ikon taɓa shi ba. Matasa masu neman kiɗan gargajiya, ku tambayi mai shi kafin ku ɗauka. In ya ce a'a, ku bari, ba ku san abin da ya sha kafin ya rabu da shi ba.