Abin da Orest Bai Rubuta Ba a Kan Jarret

Shekara talatin da ɗaya na yi ina sayar da kofi da perogi, wato ƙullin fulawa mai dankali a ciki, a ɗan kantin da ke cikin zauren wasan hokin ƙanƙara na garinmu, kuma ban taɓa haɗuwa da mai ƙorafi irin Orest Bilyk ba. Kullum sai ya ce kofina ya yi tsararo, kullum kuma sai ya sha kofi uku. Ni ma ba na raga masa.

"Marlene, wannan kofi ne ko ruwan wankin tukunya?"

"Ajiye min abina, tsoho. Ka je matarka ta dafa maka."

Da matarsa Stella ta rasu na daina yi masa wannan baƙar maganar, na koma zagin hularsa. Shi ma ya rasu bara da bazara, Allah ya ji ƙansa, shi ya sa bakina ya buɗe.

A wata gonar alkama gabas da gari aka haife shi, nan Saskatchewan ta ƙasar Kanada, jikan mutanen Yukren kamar yawancinmu. Ya buga hoki a matsayin ɗan baya tun yana yaro har ya kai shekara ashirin da biyu, sai gwiwa ta ce ta gaji. Ya koma awon alkama a rumbun gari. Shi da Stella ba su samu haihuwa ba. Yana da shekara talatin da 'yan kai wata babbar ƙungiya daga gabas ta ɗauke shi aikin duba mata yara. Duk hunturu yana kan hanya cikin tsohuwar motarsa, daga wannan zaure zuwa wancan, yana kallon 'yan shekara sha shida da sha bakwai yana rubutu a ɗan littafinsa. In watan Yuni ya zo, manyan ƙungiyoyi su zauna su yi ta zaɓen yara bi da bi har zagaye bakwai. Wanda aka ɗauka da wuri, a kansa ake haƙuri, a ba shi masu horo, a jira shi ya girma. Wanda aka ɗauka can ƙarshe, tuntuɓe ɗaya ya isa a manta da shi. Wanda ba a kira sunansa ba kuwa, ya koma gona. Kalma ɗaya a littafin Orest tana iya ɗaga yaro ko ta kayar da shi, kuma kowa a garin ya san haka.

Ba ya zama inda mutane ke zama. Can sama bayan raga yake hawa shi kaɗai, kuma in an ci ƙwallo ko kai ba ya ɗagawa. Abin da yake jira daban ne. In aka wurga faifan roba da ake bugawa a madadin ƙwallo can kusurwa, dole ɗan baya ya juya ya bi shi, ya ba abokan gaba baya alhali suna tafe a guje. Nan Orest ke gyara zama.

"Ki kalli wuyansa, ba ƙafarsa ba," in ji shi. "Ya waiga kafin ya isa? In bai waiga ba, ya je ya koyi walda. In ya waiga sau ɗaya, zai ci abinci. In ya waiga hagu da dama, ki kira ni ko ina coci."

Yakan ce ɗan baya ba ya nuna da wuri, kamar kabewa yake, wanda ya yi gaggawar cirewa ya yi asara. Ya sha faɗa da manyansa a waya a kan wannan, ina jin sa daga bayan kanta yana daka musu tsawa.

A shekararsa ta talatin da shida a aikin Jarret Loewen ya shigo ƙungiyar matasan garinmu. Ɗan Abe da Tina ne, manoma a kudu da gari, mutane masu kunya da ba sa ɗaga murya ko a wurin wasa. Yaron dogo ne siriri, mai ladabi, kuma sau uku yake waigawa. Ran da Orest ya fara ganinsa ya sauko da gwiwarsa mai ciwo kamar an yi masa albishir.

"Kin gani? Kin ga abin da na gani?"

"Na ga tsoho yana neman faɗowa daga matakala."

"Zagaye na biyu, Marlene. In ya ƙara nama, ƙarshen na farko. Bayan an zaɓe shi a bar min shi nan shekara biyu, a kai shi ƙaramar ƙungiya shekara biyu, yana ashirin da biyu zai shiga babba ya yi shekara sha biyar bai fita ba."

Ban taɓa ganin ya so yaro haka ba. Ba ya nunawa a gabansa, don aikin bai yarda ba, amma in Jarret ya ce "Barka da rana, Mista Bilyk," sai tsohon ya yini yana fara'a.

Shekarar zaɓen Jarret, wata Lahadi da rana cikin Fabrairu, aka wurga faifai kusurwar hagu ya bi. Ya waiga, ya ga mai zuwa, amma takalminsa ya shiga wani tsagi a ƙanƙarar ya yi baya-baya. Wani ƙato ya haɗa Jarret da gilashin da ya kewaye filin, kansa ne ya fara isa. Zauren ya yi tsit. Can sai ya dafa ya miƙe, muka tashi gaba ɗaya muna tafi, har da ni da cokali a hannu. Haka muke a nan. Wanda ya tashi shi ne namiji, kuma babu yaron da zai buɗe baki ya ce kansa na ciwo saura wata huɗu a yi zaɓe. Mai horo ya nuna masa yatsu ya ƙirga daidai, ya koma ya ƙarasa wasan.

Ranar Talata bayan atisayen safe ya zo kantina ya ja hula har kan hanci. Na zuba masa perogi shida ya cinye a tsaye, ya tafi ɗakin sauya kaya. Ko minti goma ba a yi ba sai ga shi ya dawo.

"Misis Dubyk, ba ki manta da ni ba kuwa? Yunwa nake ji."

"Kai Jarret, yanzu fa ka cinye."

Ya dubi farantin da ban ko ɗauke ba. Ya yi wata 'yar dariya, ya ce wasa yake min. Ni kuwa na san ba wasa ba ne.

Da la'asar Orest ya shigo na ja shi bayan kanta na faɗa masa. Bai yi mamaki ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Na riga ki gani," in ji shi. "Yau da safe ina sama. Ya daina waigawa hagu. In ya juya wuya da sauri jiri yake ji."

"To rubuta mana."

"In rubuta me? In maganar buguwar kai ta shiga takardar nan sau ɗaya, daga zagaye na biyu sai na shida, ko ma a tsallake shi. Kin san yadda maganar nan take yawo tsakanin ƙungiyoyi."

"To a tsallake shi ɗin! Kai ɗaya gare shi, Orest."

"Ni sau nawa aka buga min nawa? Ga ni nan."

"Shi ya sa kake haka ai."

Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana juya hula a hannu, sannan ya ce, "A gidan iyayensa yake kwana. Tina ba makauniya ba ce. In abin ya yi tsanani, su za su fara tsayar da shi. Ki bar maganar nan a nan."

Abin da ya rubuta a rahotonsa na watan shi ne yaron ya ɗan gaji saboda yawan wasa. Ni kuma na bar maganar a nan kamar yadda ya ce. Ina ganin Tina kowace Lahadi tana sayen shayi a hannuna, ban ce mata uffan ba. Na gaya wa kaina ni mai sayar da abinci ce, ina ruwana da aikin masana. Tsoro ne kawai, kada a ce ni na kashe wa yaron gari kasuwa, kuma har yau ina jin kunyar wannan.

Likitocin ƙungiyoyi sun tambayi Jarret kafin zaɓe ko ya taɓa buguwa a kai, ya ce lafiyarsa lau. A watan Yuni ƙungiyar Orest ta ɗauke shi a zagaye na biyu, mutum na talatin da takwas. Muka yi walima a zauren coci, na dafa perogi har hannuna ya ƙage. Abe, wanda ko matarsa ban taɓa ganin ya riƙe wa hannu a bainar jama'a ba, ya rungume Orest yana hawaye.

An bi tsarin da Orest ya shimfiɗa sak, ba wanda ya yi gaggawa. Sai dai yaron bai sake waigawa hagu kamar da ba, su kuma abokan gaba ba su da aiki sai neman irin wannan. A watan Nuwamba aka sake haɗa shi da gilashi, daga hagu. Ya yi wata biyu a ɗaki mai duhu ya dawo. Bugu na uku a ƙaramar ƙungiya ya same shi, can nesa da gida, ba ma bugu mai ƙarfi ba ne. Yana da shekara ashirin da ɗaya Abe ya je ya ɗauko shi da jakarsa.

Jarret yana nan da ransa. Yana sa baƙin tabarau ko a cikin coci, ba ya iya jure ƙarar injin girbi, kuma wani lokaci fushi yakan taso masa ba dalili, daga baya ya zauna yana ba uwarsa haƙuri. Kaji yake kula da su a gonar. In ya haɗu da Orest a gari kuwa sai ya tsallako titi ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Mista Bilyk! Kai kaɗai ka ga abin da zan iya zama. Ba zan manta ba."

Na sha ganin fuskar Orest a irin wannan lokacin, kuma ba na fatan in sake ganin irinta.

A shekarar da yaron ya dawo Orest ya ajiye aikin, ya ce wa mutane gwiwa ce. Bai daina zuwa zaure ba, amma ya daina hawa sama, kuma ban sake ganin littafin ba. In wani uba ya zo ya ce, "Orest, me ka gani a ɗana?" sai ya ce idonsa ya mutu. Daga baya idon ya mutu da gaske, aka karɓe masa lasisin tuƙi. Shekara tara muna zaune ni da shi da maganar nan a tsakaninmu, ba wanda ya taɓa ta.

Wata safiya a watan Satumba ya kira ni ya ce in kai shi gonar su Loewen. Ban tambaye shi dalili ba. Ya sa rigar da yake zuwa coci da ita. A hanya na ce masa ni ma ina da tawa da zan faɗa, ya ce in bari ya fara.

Mun tarar ana girbi. Abe ya hango mu ya tsayar da injin a bakin gona ya sauko, duk ƙaiƙayi a gashinsa. Suka gaisa, suka taɓa maganar alkama da farashinta. Sannan Orest ya cire hula.

"Abe, a kan watan Fabrairun nan na zo. Wasan Lahadin nan."

Abe ya ɗaga hannu ya tare shi. "Na san za ka zo wata rana. An ce tun da yaron ya dawo kake cin kanka. Kada ka ɗora wa kanka, Orest, laifina ne." Ya dubi ƙasa. "Kwana uku yana amai bayan wasan nan. Tina ta roƙe ni har da kuka in kira ka in gaya maka. Na ɗauki wayar, na ajiye. Na ce mata, Orest yana kallon yaron nan kowane wasa, kuma babu abin da ke wuce idonsa. In da matsala, shi zai fara gani ya faɗa mana. Da na ji ka yi shiru sai na ce ashe ba komai. Mu muka ɓoye maka. Ta ina za ka sani?"

Na dubi Orest. Ƙofa ce aka buɗe masa, ba abin da ya rage sai ya gyaɗa kai mu shiga mota. Wallahi a raina na so ya gyaɗa.

"Na gani, Abe," in ji shi. "Tun ranar Talata na gani. Na ce in da matsala, ku za ku tsayar da shi."

Abe ya tsaya yana kallonsa har na fara jin ƙarar iska a cikin alkama. Can ya share fuska da bayan hannu, ya dubi yamma.

"Hadari na haɗowa," in ji shi. "Ina da sauran aiki."

Ya juya ya hau injinsa ya tayar. Orest yana tsaye da hula a hannu har ƙurar ta rufe mu, ni kuma da na zo da tawa maganar ban iya buɗe baki ba. Na kama hannunsa na kai shi mota.