Igiyar Awo a Zauren Baba

Bayan samun 'yancin kai, kumandan mai mulkin yankinmu ya ce lungunan Dakoro su miƙe kamar hanyoyin Maraɗi. Masu awo suka ja igiya, ta shiga ƙofar zaurenmu ta fita ta baya.

Baba ya shimfiɗa buzunsa ƙarƙashin igiyar ya zauna. Jandarma ya dafa bulala ya ce, "Tsoho, tashi." Ni kuwa, jarumin gida, ina ɓoye bayan rumbu ina leƙe.

"Yaro, rushe zauren," Baba ya ce wa jandarman, "amma nan nike zama."

Aka rushe. Kullum sai ya fito ya zauna tsakiyar sabuwar hanya, raƙuma da jakuna na kewaye shi. Har yau hanyar a karkace take daidai wurin.