Sarkin Noman Waya da Irin Doyar Gidanmu

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan shafi, a kuma sakaya sunana, ko da yake na san duk ɗan zem, wato ɗan acaɓa, da ke Parakou zai gane ni kafin ya kai layi na uku. Lokacin da abin ya faru ni magidanci ne da ya haura arba'in, mai tumbi, mai shagon kayan gyaran moto. Gidana a Ganou yake, tsakar gidan siminti ne daga bango zuwa bango, ko ciyawa ba ta da wurin tsayawa. An san ni da baki. In na ga ɓera da safe, kafin azahar ya zama rago a majalisa, kafin la'asar ya tunkuyi mutum. Mahaifina yana wani ƙauye kusa da Partago, a ƙasar Djougou. Fataucin goro ya kawo kakanninmu, amma shi ƙasa ce ta kama zuciyarsa, ya zama manomin doya. Mu 'ya'yansa duk muka gudu birni, ni ne ma na buɗe hanya. Rabona da fartanya tun ina da gashi a ka.

Wani direban babbar mota ɗan Nijar ne ya saka mini wani wasan noma a waya, ranar da ruwa ya tsare shi a shagona. Jama'a, ban taɓa ganin abu irinsa ba! Ƙasa ce ta mutanen dauri, da ganuwar dutse, da fada a kan tsauni, da mayaƙa sanye da ƙarfe daga kai har ƙafa kamar tukwane masu tafiya. Ana ba ka kango a bayan ganuwa a ce ka raya shi. Ka danna da babban yatsa, ƙasa ta tsage. Ka watsa iri, kafin shayinka ya huce alkama ta tashi tana kaɗawa kamar zinariya. In ruwa ya sauko a ciki, ƙararsa sak ta gaskiya, har na taɓa ƙwala wa uwargida kira ta kwashe shanya alhali rana na dukan kwano. Ranar da na fara ganin farar ƙanƙara tana zubowa a hankali kamar auduga, ta rufe gonata da rufin fada, sai na saki baki har ƙuda ya shiga ya fita. Na tsinci wani ƙwai a kogo, ya ƙyanƙyashe dodo mai fikafikai mai aman wuta, na horar da shi yana ƙona mini ciyawa. Kabewata ta kai girman ɗaki. Da na nuna wa limamin masallacinmu, ya daɗe yana tasbihi, sannan ya ce in dai dodon ba zai hana ni jam'i ba, tsakanina da shi.

'Yan majalisa suka naɗa ni Sarkin Noma. Duk wanda ya zo sai ya durƙusa ya tambayi gona, ni kuma in gyara zama in ba da rahoto. Rannan sai ga gwaggona, ƙanwar Baba, mai kawo man kaɗanya daga Djougou, ta iske ana wannan gaisuwa. Ta aje kwanonta ta tambaye ni ko da gaske noma na koma. A nan ya kamata in miƙa mata wayar mu yi dariya tare. Amma na ga yadda idonta ya yi haske, irin kallon da ba a taɓa yi mini a gidanmu ba, sai bakina ya ƙwace. Na ba ta labarin rumbuna da shanu da kabewa, na ɓoye abu biyu kacal: dodon, da kuma cewa duk gonar tana cikin aljihuna. Ta share hawaye ta ce yayanta zai yi barci mai daɗi. Da ta tafi, telan da ke maƙwabtaka da ni ya ce in ji tsoron Allah, na ce masa ya nuna mini kalma ɗaya da na faɗa wadda ba ta faru ba.

Bayan damina ta ɗauke, wata bashe, irin a-kori-kurar nan mai rufin tamfol, ta tsaya a ƙofar shago, direban ya sauke buhu, ya ce daga Baba, kuma akwai saƙon baki. Daidai lokacin dodona ya tsinke igiya yana ƙona mini sha'ir, mayaƙan sarki kuma sun taho kama shi. Mutumin yana magana ina cewa to, to, madalla, idona na kan waya. Ya tambaya ko na ji, na ce na ji har wanda bai faɗa ba. Na ɗora buhun a zem zuwa gida. Uwargida ta buɗe ta ce maigida, wannan doya ba ta yi kama da ta ci ba: ƙanana ce, wasu an yanka an shafe fuskar da toka, kuma an ɗaure su ƙulli-ƙulli, kowane da tsummansa. Na ce mata yaushe ta fara koya wa Sarkin Noma doya, ta ɗora tukunya kawai. Muka shiga sakwara ba ji ba gani. Akwai wani ƙulli da aka ɗaure da yankin tsohon zane mai ruwan bula, cikin doyar ja-ja. Wallahi da aka daka ta, ta yi danƙo tana sheƙi, ƙamshinta ya tsallaka katanga. Na gayyato majalisa kaf, muka ci har tela ya ce a kira masa iyalinsa ya yi wasiyya. Na ji ɗanɗanon ya tuna mini wani abu na yarinta, amma ban tsaya tunani ba, na ƙara loma.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Baba ya kira ni. Muryarsa na rawa don murna. Ya tambaya ko na gama tara ƙasar da zan binne irin. Ya ce gwiwoyinsa sun ƙi, bana ba zai shiga gona ba, shi ya sa ya tattara irin gidan gaba ɗaya ya aiko wa ɗansa manomi, kamar yadda direba ya gaya mini. Ya ce mai ƙullin zanen nan in shuka ta kusa da hanya inda zan riƙa ganinta, domin ita ce marigayiya mahaifiyata ta zo da ita daga gidansu a Bariénou ranar da aka kawo ta, kuma tun da ta rasu bai taɓa tsallake shekara bai shuka ta ba. Ina tsaye da tsinken sakace a baki. Ban san yadda na isa gida ba. Abin da ya rage a buhun bai cika kwando ba. Yankin zanen kuwa uwargida ta wanke shi tas, yana kan igiya yana bushewa.

Washegari na ɗauki kwandon na hau motar Djougou, daga can zem ya kai ni ƙauye. Na durƙusa gaban Baba, ni da tumbina, na faɗi komai ba ƙari, karo na farko a rayuwata. Gwaggo, da na iske a can, ta tafa hannu ta ce ga tumbin da ya cinye gado, da ma a fasa shi a shuka. Baba kuwa sai ya ce in nuna masa gonar. Na miƙa masa wayar. Ya kawo ta dab da ido, ya ga alkama na tashi, ya ga ƙanƙara na sauka, ya ga dodon ya buɗe fikafikai ya rufe rana. Ya yi ta cewa ikon Allah, ikon Allah, kamar yaron da aka kai bakin teku. Ya tambaya ko mutanen ƙasar nan suna da doya, na ce babu. Ya ce Allah sarki, duk wannan ƙarfen a kan ciki ba doya. Sannan ya zura wayar a aljihunsa, ya karɓi yankin zanen ya ninke ya haɗa da ita, ya nuna mini garma da haɓa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na tara ƙasa tudu bayan tudu har bayana ya riƙa ƙara kamar tsohuwar ƙofa, tafin hannuna ya yi bororo a kan bororo. Baba na zaune a inuwar kaɗanya da wayata, lokaci-lokaci ya ɗago ya ce tudun nan ya yi kama da kabarin kaza, in sake. Muka binne ragowar irin, muka sa wa kowane tudu hular ciyawa saboda rana. Daga nan sai jira. Ni da na saba girbi kafin shayi ya huce, na yi watanni ina zirga-zirga tsakanin Parakou da ƙauye ina kallon busasshiyar ƙasa. Sai da ruwan farko ya sauka, wata safiya na iske wani tsiro ja-ja-baƙi, siriri kamar yatsan jariri, ya ɗaga hular ya leƙo. Babu kiɗa, babu walƙiya, ba wanda ya danna komai. Yankakken abu da aka shafe da toka, aka binne a zafin da ke kashe kare, shi ne ya tashi. Na zauna a ƙasa ina kallonsa har inuwa ta juya. Ni mai baki, na rasa abin da zan ƙara a kai.

Irin gidanmu ya tsira, ban da guda. Na bi Bariénou gida-gida ina kwatanta doyar mahaifiyata, tsofaffi suka ce sun san ta, amma sun daɗe ba su gan ta ba. Baba yana nan da ransa, wayar tana hannunsa har yau. Ya kori dodona, wai ci kawai yake yi ba ya aiki, kamar wani da ya sani. Ban ce wasan haramun ne ba, har gobe ina mamakin hannun da ya ƙera shi. Abin da na koya shi ne, ƙarin gishirin da majalisa ke dariya a kai, akwai mai son ka da zai ɗauke shi da gaske, ya ɗora maka amanar da ba ka da wurin ajewa. 'Yan'uwana masu baki irina, ku san gaban wa kuke zuba. In an ce ga saƙo daga gida, ku kife wayar ku ɗago kai, ko da fadar sarki ce ke cin wuta. Ni ban ɗago ba. Kusa da hanya akwai tudu ɗaya da Baba ke sa ni in tara duk shekara, ba a binne komai a ciki. Bai taɓa gaya mini dalili ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba.