Na Saka Muryar Goggona A Rediyo

Malam Edita, lokacin da abin nan ya faru ina aji uku a jami'a, ina karanta aikin jarida, kuma ni ce mace ta farko a gidanmu da ta kai wannan matsayi. Garinmu wani ƙauye ne a gefen Sandamu, cikin ƙasar Daura. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura a lokacin. In na dawo hutu da 'yar rakodata a jaka, sai in riƙa kallon mutanen garinmu kamar labarai ne da ke jiran in zo in kwashe. Shekarun ne da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, kowa yana gyara zamansa, kuma ba mai son a tuna masa da abin da ya yi a da.

Malaminmu na darasin rediyo ya ce kowa ya haɗo shirin minti goma sha biyar a kan wata al'ada da ke ɓacewa, waɗanda suka fi kyau za a kai su gidan rediyo. Nan take goggona ta faɗo mini a rai, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun daga yaye. Ita ce ungozomar garinmu, ita kuma ake kira wankan gawar mata. Amma da ƙuruciyarta ta yi bori. Ta tuba tun kafin a haife ni, ta je Makka, ba ta ƙara ɗaga maganar ba. Tsofaffin da suka sani sun rufa mata asiri, masu tasowa kuwa ba su da labari.

Na same ta da hantsi a ɗakinta tana tsintar wake. An koya mana neman izini kafin ɗaukar murya, don haka na nema. Ta tambaye ni ko malamina ne zai ji. Na ce mata shi ne, na haɗiye zancen gidan rediyo. A wajenmu kaset wasiƙa ce. Goggo ta saba aika wa ɗanta da ke Saudiyya kaset, ta yi masa gaisuwa da nasiha, a naɗe a ba mai tafiya, shi kaɗai ya ji. Haka ta ɗauki wannan ma. Ina danna rakoda ta fara da yi wa malamina sallama, ta tambayi iyalinsa, ta gode masa da yake koyar da 'yarta. Sannan ta faɗi komai: ciwon da ya kai ta hannun masu bori, da shekarun da ta yi cikinsu, har ta rera wata waƙarsu ƙasa-ƙasa, ta katse, ta yi istigifari, ta ba da labarin ranar da ta tuba. A ƙarshe ta roƙi malamin don Allah in ya gama ji ya bar maganar a cikinsa, saboda tana da jikoki.

Da na koma makaranta na zauna haɗa shirin, na yanke gaisuwar. Na yanke istigifarin da zancen tuba, don suna kashe wa waƙar armashi. Na yanke roƙon, don na san in malamin ya ji shi shirin ba zai fita ba. Na ɓoye sunanta da na garin kamar yadda aka koya mana, na kira ta wata dattijuwa, na ce wa kaina ai na fita haƙƙinta. Alhali na sani babu gidan da muryar nan ba ta shiga ba a garinmu. Rabin mutanen garin, ita ce muryar da suka fara ji a duniya.

An saka shirin wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, daidai lokacin da maza ke zaune a ƙofar gida da rediyo. Ni na fi kowa maki a ajin, ƙawayena suna ta taya ni murna. A gida kuwa ba wanda ya kai Goggo ƙara, ba wanda ya zage ta. Daina kiranta kawai aka yi. Wata maƙwabciyarmu ta rasu, gida biyu tsakaninta da Goggo, aka aika wani ƙauyen aka ɗauko mai wanka. Aka riƙa cewa hannun da ya yi bori bai kamata ya taɓa mamaci ko jariri ba, kuma wa ya san ko har yanzu tana yi a ɓoye, tunda ga ta nan tana rera waƙarsu da bakinta.

Da na zo hutu mahaifina ya ƙi amsa gaisuwata. Na shiga ɗakin Goggo na durƙusa, ina jira ta rufe ni da faɗa. Ta rame ƙwarai. Abin da ta tambaya kawai shi ne ko na ci jarrabawar. Na ce na ci, ta yi hamdala. Sai ta tambaye ni ko malamin bai ji roƙon da ta yi masa ba ne. Na sunkuyar da kai. Ta dube ni, ta gane, ta kawar da kai, kuma har ta bar duniya ba ta sake yi mini zancen ba. Ta rasu kafin in gama karatu. Matar da ta wanke gawar mata ba iyaka, ita mahaifiyata da wata surukar Goggo suka wanke, suna yi suna tambayar juna abin da ke biye.

Ina jin kunyar takardar shaidar digirina har yau. Ɗalibai 'yan'uwana, tsohuwar da ta ce maka to, don kai ɗanta ne ta faɗa, ba don ta san inda muryarta za ta kai ba. Ka faɗa mata gaskiya duka, ko da za ka rasa makin. Ni dai kaset ɗin na asali yana cikin akwatina, ban taɓa iya sake saurarensa ba. Na rubuto ne don in mayar da abin da na yanke: goggona ta tuba, ta yi istigifari, ta kuma roƙi a rufa mata asiri, ni ce na hana a ji.