Ranar da Baba Ya Saukar da Jirgi Uku Kacal

Ran Asabar ina ratsa kasuwar Deptford a London na ga wani mai kayan gwanjo yana gwada tsohon kaset, a zatonsa waƙa ce a ciki. Sai wata ƙara ta tashi mai shiga haƙori. Kowa ya toshe kunne, ni kuwa na tsaya cak da ledar albasa a hannu. Haka kwamfutarmu ta lokacin yarinta take kuka in an saka mata kaset, kafin wasa ya fito.

'Yar baƙa ce ta hannu, maɓallanta na roba, da talabijin ake jona ta. Kaset ɗaya muke da shi na kirki, wasan saukar da jirage. Kada ka zaci za ka ga jirgi. Ɗigo-ɗigo ne da lambobi suna rarrafe a baƙin allo, kai kuma ka rubuta wa kowanne tsayin da zai bi. Ta gidan Kawu kuwa, ƙanin Inna, faifai take ci, babu jira. Jiragenta masu launi ne, har da fukafukai da rugugin inji, kuma yawan waɗanda ka saukar kafin lokaci ya cika, yawan makinka. Mu yara tasu muke so, ba ma ɓoyewa.

Baba ne kaɗai mai kare tamu. Cewa yake ta Kawu ta 'yan kallo ce, tamu ta fi kama da aiki. Ya kuwa sani, don shekaru ya yi a hasumiyar filin jirgi a gida yana ba matuƙa umarni. A London tikiti yake dubawa a ƙofar tashar tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. In ya zauna gaban tamu sai ya yi bismillah, ya miƙe baya, yana yi wa ɗigo-ɗigon nan magana a hankali kamar za su amsa. Ko tuwo zai huce ba ya tashi sai na ƙarshe ya sauka.

Wata ƙaramar Sallah, bayan azumin dogayen ranaku, muka je gidan Kawu. Falo cike da baƙi, tagogi a buɗe, ƙamshin waina da miyar taushe har bakin titi. Da ma akwai wasa tsakanin mutum da ƙanin matarsa, sai Kawu ya miƙa wa Baba sandar wasan.

"Yaya, ga aikinka ya biyo ka har falo. A nuna wa yara."

Baba ya karɓa. Jirage suka yi ta shigowa, shi kuwa ya dinga raba su, wannan ya zagaya, wancan ya jira. Lokaci ya cika da uku kacal a ƙasa. Ɗan Kawu ya karɓa ya zubo su kamar mai juye gyaɗa. Biyu sun yi karo, amma makinsa ya ninka na Baba. Falo ya kaure da dariya, Baba ma ya yi murmushi. Ni kuwa kunya ta rufe ni, har na ji haushinsa.

A bas na kasa haƙuri. Da Turanci na tambaye shi, yadda muka saba, me ya hana shi ya saukar da su kawai.

"Sun matse juna da yawa," ya ce. "Hannuna ne ya ƙi."

Sai bayan rasuwarsa Inna ta gaya mini sauran labarin. Ashe tun zuwanmu yake neman a mayar da shi kan aikinsa a nan, kuma a makon Sallar nan amsa ta zo cewa shekarunsa sun wuce. Takardar tana aljihun babbar rigarsa lokacin da ake dariyar, bai so ya ɓata wa kowa Sallah ba. Da na ji haka na yi kuka, na so a ce na kama bakina a bas ɗin nan.

Yau wasannin sun koma cikin waya, 'ya'yana suna jan jirgi da yatsa, in ya faɗi su sake. In jirgin da nake ciki ya yi ta zagaye a saman London, fasinjoji suna tsaki suna duba agogo, ni ba na tsaki. Na san akwai wani a ƙasa wanda hannunsa ya ƙi.