Faifaina da Injin Makka

Shekarun baya can, ina da ɗan shagon kwamfuta a cikin Daura, kuma ina jin duk garin babu wanda ya kai ni sanin na'ura. Wata rana na ari kyamarar abokina na bi mahaifina kara, wato kasuwar dabbobi, na ɗauke shi yana cinikin wani bijimi. Na zuba bidiyon a faifai, na mayar da kyamara, mai ita ya goge. Ba a jima ba kwamfutata ta lalace da duk abin da ke cikinta. Kafin shekara ta zagayo Allah ya yi wa mahaifina rasuwa, sai ya zamana faifan nan kaɗai ne ke da muryarsa a duniya.

Da mahaifiyata ta fita takaba sai ta ce mini, "Wai ba ka taɓa ɗaukar babanku ba? Ina so in gan shi."

Na ce, "Inna, wannan ai abu ne mai sauƙi."

Na saka faifan a injin kallon da mahaifina ya zo da shi daga aikin Hajji. Inji ya yi ƙugi, ya rubuta da Turanci wai faifan ba na yankinsa ba ne, ya turo mini abina. Na goge shi da bakin riga, na hura iska cikin injin, har da ɗan marinsa a gefe. Ina! Na kai gidan maƙwabci, can ma hoton ya fito ya daskare tun kafin a ga mutum. Inna ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki. Wallahi ranar na ji kunya, kuma na ji tsoro, don na ɗauka shi ke nan na salwantar da shi.

Abokina ne ya ce in gwada wani dattijo mai gyaran rediyo a Kongolam. Na ce, "Mai gyaran rediyo? Ni da na yi kwas ɗin kwamfuta?" Amma dai na ɗaure inji a bayan babur na tafi.

Na same shi a wata rumfa, tabarau ɗaure da zare. Bai ko jona injin ba, sai ya juya bayansa ya nuna mini wani ɗan hoton duniya, an rubuta biyu a cikinsa, wato lambar yankin injin.

Ya ce, "Wannan daga Makka aka zo da shi. Duk na alhazai haka suke. Samari, da kake haɗa faifan, kwamfuta ta tambaye ka yanki?"

Na ce, "Ta tambaya, Baba. Na zaɓi biyar, na ƙasashenmu."

"To wa ya aike ka? Da ka bar shi a buɗe, ko'ina zai yi. Kai ka sa masa kwaɗo da hannunka."

Ni da na zaɓa don in nuna na iya! Ya ɗauko wani tsohon littafi da ya cika da lambobi a rubutun ajami, kowane inji da nasa. Ya jona injin, ya buɗe bakinsa, ya danna lambobi a rimot, ya kashe, ya kunna, shi ke nan injin ya daina zaɓen yanki. Sai ya duba faifan ya girgiza kai. Ashe takardar da na liƙa masa da gam, mai ɗauke da sunan shagona ɓaro-ɓaro, ita ke sa shi rinjaya gefe guda yana sarƙewa. Ya jiƙa auduga, ya yi ta ɗaga takardar nan kaɗan-kaɗan, kusan awa guda. Ni kuwa gumi kawai nake yi.

Da ya saka, sai ga kara ta fito tar, ga mahaifina riƙe da igiya. Dattijon ya kalli fuskata sau ɗaya, ya danna ya tsayar.

"Ya rasu ne?"

Na ce e.

Ya ce, "Allah ya jiƙansa. To ba ni ya kamata in fara kallo ba. Kai wa mai shi. Kuma yau ɗin nan ka kwafe shi gida uku, a hankali, ban da gaggawarku ta 'yan boko."

Har yau in na tuna mutumin nan sai in ji ya ƙara girma a idona. Gwanintarsa ta burge ni, amma abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda ya san inda aikinsa ya ƙare. Tun daga ranar na rage cika baki, ko da yake matata za ta ce da saura.

Da la'asar na jona wa Inna. Mahaifina ya fito yana ɗaga murya, yana rantsuwa ba zai sayar ba, sannan ya fashe da dariyar nan tasa. Inna ta matso har gaban talabijin, ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Ka gan shi ko? Hular nan sai da na ce ya bari in wanke, ya ƙi."

Sai ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Mayar da shi farko."