Fim Ɗin Da Ya Rufe Gidan Tuwo

'Yata tana aji uku na firamare aka fara tallar fim ɗin. Lokacin na daɗe a Guangzhou, a ƙasar Caina. Aikina in saya wa 'yan kasuwar Kano kaya, jakunkunan mata daga garin Shiling, riguna daga kasuwar Shahe, in tsaya a kai har a rufe kwantena ta nufi tashar jiragen ruwa ta Nansha. A nan na yi aure. Matata 'yar ƙasar ce, ta musulunta kafin a ɗaura. 'Yarmu ɗaya. Ta ɗauko idanun uwarta, ta ɗauko fatata, ta kuma ɗauko gashin kakarta ta Kano, mai cika da tauri. Uwarta ta yi iya yinta a kan gashin nan. Duk safiya sai an yi kuka, wani lokaci su biyun duka.

Wanda ya raba mu da wannan kukan shi ne mai tuwon unguwar Xiaobei. Wurinsa ba gidan abinci ba ne sosai, falo ne da kicin a saman wani tsohon bene, babu allo babu suna, sai wanda ya sani. Mutumin Fagge ne, ya ba hamsin baya. Ɗan daudu ne, kuma kowa ya sani. Ana ji a muryarsa, ana gani a yadda yake tafa hannu ya karya wuya in zai yi magana. Amma ba wanda ya taɓa kama shi da wani abin assha a garin nan. Tuwonsa muke ci. Da kansa yake roƙon masu zuwa daga gida su ƙunso masa kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a cikin kayansu. In aka sauko daga masallacin Juma'a, falon nan ba masaka tsinke.

Wata rana na je da yarinyar, ya dubi kanta ya riƙe haɓa.

"Alhaji, wannan kan marainiya ne? Kawo min ita nan."

Ya zaunar da ita a kan buhun shinkafa, ya shafa mata man kaɗe, ya yarfa mata kitso ƙanana, ko ƙwalla ba ta yi ba. Daga nan ya zama duk Asabar in kai ta. Tana ce masa Kawu, yana ce mata uwata. 'Yar Hausar da take ji, rabi a bakinsa ta koya.

Ita ce ta fara nuna mini tallar, a wayar uwarta. Wani tsohon katun ne na Turawa da yara suka daɗe suna kallo, aka sake yin sa da mutane, aka ba wata baƙar yarinya matsayin tauraruwa. 'Yata ta tsayar da hoton, ta kai wayar kusa da fuskarta.

"Baba, duba. Irin kitsona."

A makarantarsu ita kaɗai ce mai irin fatarta. Yara na taɓa gashinta ba tare da sun tambaya ba. Wata malama ta taɓa ce mata, cikin wasa wai, ta riƙa dirzawa sosai in tana wanka. Na san duk wannan. Don haka da ta ce in kai ta silima in fim ɗin ya fito, ban tsaya tunani ba na ce to.

Ranar Juma'ar da ta biyo muna cin tuwo, sai wani Alhaji ɗan Maraɗi ya ɗago wayarsa. Abokina ne, mun sha haɗa kaya a kwantena ɗaya, kuma mutum ne mai kirki. Shi ya tsaya a kan gawar wani ɗan'uwanmu da ya rasu a nan har aka binne shi. Ya kunna mana wani bidiyo da aka turo masa, wani mai wa'azi yana cewa a cikin wannan fim ɗin an saka namiji mai son namiji, har an nuna su suna rawa tare.

"Bon, kun ji ko? Fim ɗin yara fa. Ba su tsaya ga manya ba, yanzu ɗiyanmu suke nema."

Falon ya ɗauka. Kowa da abin da ya ji. Wani ya ce ai ba wannan ne na farko ba. Wani ya ce wurin ko ƙiftawar ido bai kai ba, sai wanda aka nuna wa zai gane. Aka ce masa ai guba ba ta bukatar cika kwano. Ni dai na ce na riga na yi wa 'yata alkawari, don tauraruwar baƙa ce, kuma yarinyar ba ta taɓa ganin mai kama da ita a babban allo ba.

Alhajin ya juyo gare ni. "To ai nan dabarar take. Sun san ba za mu tahi ba, sai suka sa mana baƙar fuska a bakin ƙofa. Zuma ce a kan wuƙa. Kai kana ganin sonmu suke? Yaushe suka fara sonmu?"

Na ce ban ce suna sonmu ba. Na ce abin da addini ya hana na san shi, ba ni da ja. Amma ni 'ya gare ni da ke dawowa daga makaranta tana tambayar uwarta yaushe za ta yi fari.

"Sai ka karanta mata tarihin magabata. Ba sai Bature ya faɗa mata ita mutum ce ba."

Magana ta yi zafi, har aka daina cin abinci. Can sai wani daga bakin taga, wanda ban ma san shi sosai ba, ya ce, "Ku kuna ta zancen Amurka. Abin da kuke gudu ai ba sai an je silima ba." Ya yi nuni da leɓe wajen kicin.

Mai tuwo yana tsaye a bakin ƙofar, da ludayi a hannu. Ya ji. Kowa ya san ya ji. Na ce wa mutumin bakin tagar ya ji tsoron Allah, bawan Allahn nan bai yi masa komai ba. Ba wanda ya mara mini baya. Mai tuwo ya tako a hankali ya tsaya a gaban Alhajin Maraɗi.

"Alhaji, a ƙara miya?"

Alhajin ya rufe kwanonsa da hannu, bai ɗago ba.

Da fim ɗin ya fito, ran Lahadi da rana na kai 'yata silima, a saman wani katafaren kanti. Uwarta ba ta zo ba. Ta karanta abin da mutanen ƙasarsu suke rubutawa a kan tauraruwar, ta ce ba za ta iya zama a ciki ba, amma ba ta faɗa mini abin da ta karanta ba. Yarinyar ta sa rigarta ta sallah. Mai sayar da tikiti ta tambaye ni sau biyu ko wannan fim ɗin nake nufi, don akwai wani katun na gida da kowa ke shiga.

Zauren kusan wayam. Mu, da wata tsohuwa da jikanta, da wasu samari da 'yan mata a bayanmu. Da tauraruwar ta fito ta fara waƙa, 'yata ta miƙe zaune sosai, ta manta da gugguru a cinyarta. Sai ɗaya daga samarin ya faɗi wata magana, sauran suka kwashe da dariya. Sinancina na kasuwa ne, na ciniki da gaisuwa. Ita kuwa harshenta ne. Na ga kafaɗunta sun sauka. Na tambaye ta me ya ce.

"Ba komai, Baba."

Duk sanda aka nuno fuskar yarinyar kusa, sai an yi dariyar. Na juya na zuba musu ido, suka yi shiru na ɗan lokaci, suka ci gaba ƙasa-ƙasa. Kafin a kai rabi 'yata ta zame cikin kujera, ta jawo hular rigar sanyinta ta rufe kai. Na ce ko mu tafi. Ta girgiza kai. Muka zauna har ƙarshe.

Ni kuma ina ta zuba ido in ga wurin da ake ta faɗa a kansa, hannuna a shirye in rufe mata fuska. Ban ga komai ba. Ko an yanke shi kafin ya shigo ƙasar, ko dama ban iya ganewa ba ne, Allah masani.

A jirgin ƙasa muna dawowa ta ce, "Baba, ita ma a makarantarsu haka ake mata?"

Na ce ban sani ba, amma yanzu ai ta zama babbar tauraruwa, duniya ta san ta.

"To ai duk da haka dariya suke mata."



Da na haɗu da Alhajin Maraɗi a Shahe cikin makon, na gaya masa na kalla, kuma babu abin da ake faɗa. Ya ce wannan ba ya canza komai, niyyarsu dai ta bayyana. Sannan ya ja ni gefe, daga hanyar masu turin kaya.

"Ni shawara zan ba ka don Allah. Ka daina kai ɗiyarka wurin mutumin nan. An fara magana."

A guruf ɗinmu na waya kuwa zancen ya riga ya bar fim. Wani ya rubuta cewa bai kamata Musulmi ya ci abin hannun irin waɗannan ba. Wani ya ce mun daɗe muna kau da kai, ga shi har abin ya zo mana ta kan yara. Ba a ambaci suna ba, ba a kuma bukata. Wasu ƙalilan suka ce a bi a hankali, zato zunubi ne. Na rubuta nawa, aka wuce shi kamar ba a gani ba. A Juma'ar gaba aka koma cin abinci wurin wasu Musulmin ƙasar masu taliya. Mutanen da suka shekara suna lashe kwano a falon nan suka riƙa wuce benen ba sa ko ɗaga kai.

Na ci gaba da kai 'yata kitso. Asabar ta ƙarshe mun tarar da tukwane a kife, an ɗaure su da igiya. Mai gidan ya ba mai tuwo wa'adin tashi, wai maƙwabta sun yi ƙorafin hayaƙi. Shekara da shekaru ana hayaƙin nan ba a yi ƙorafi ba. Ya zaunar da ita a kan wani kwali ya fara tsefe mata kai.

"Uwata, yaya fim ɗin? An ce yarinyar kyakkyawa ce."

Ta ce, "Ba kyau." Ta sunkuyar da kai.

Ya dube ni, na ba shi labari a gajarce. Na gaya masa har da cewa wurin da ake magana a kai babu shi. Ya yi dariya har ya ajiye tsinken kitson.

"Oh ni! Wato mutumin ma ba a nuna shi ba? To ni me na yi, Alhaji? Ni ko silima ban taɓa shiga ba a garin nan. Waɗanda suka yi fim ɗin ba su san da ni ba. In sun ci riba tasu ce. Ni aka bari da kwanuka."

Na tambaye shi ina za shi. Ya ce akwai wani gari a arewa da baƙi ke sayen ƙananan kaya, zai gwada can. Na ce me zai hana ya koma gida.

"Gida wajen wa? Can in an tashi ba a kan daina cin tuwo ake tsayawa ba."

Ya gama kitson, ya riƙe fuskarta da hannu biyu ya ce Allah ya yi mata albarka. Ya ba ta ragowar man kaɗen a gwangwani. Na so in raka shi tasha ranar tafiyar, ya ce a'a, kada a gan ni.

Mun yi waya a watannin farko. Ya ce garin da sanyi, kuma labari ya riga shi isa, don 'yan kasuwar ɗaya ne, yau suna nan gobe suna can. Yana wanke-wanke a wani gidan abinci na Larabawa. Daga baya layin ya daina shiga.

Da hutu ya zo na kai iyalina Kano, ina tunanin ko in bar yarinyar wurin ƙanwata ta yi karatu cikin masu kama da ita. Ranar farko yaran unguwa suka biyo ta suna "'Yar Caina! 'Yar Caina!", suna jan idanunsu da yatsu. 'Yan'uwanta na son ta, amma in ta yi Hausa sai su fashe da dariya su ce ta sake faɗa. Kafin mako ya cika ta daina magana sai da uwarta. Na bar zancen makarantar.

Kafin mu dawo na shiga Fagge na yi tambaya har aka nuna mini gidansu mai tuwo. Wani dattijo ya fito, kamarsu ɗaya har tsayin. Muka gaisa. Na ce daga Guangzhou nake, ina neman labarin ɗan'uwansa, ko ya dawo, ko suna jin ɗuriyarsa. Ya daɗe yana kallona.

"Malam, mu ba mu da kowa a Caina."

Ya ce in gaida gida, ya koma ciki ya saki labule. Na ɗan tsaya a zauren ko wata mace za ta leƙo ta ce wani abu. Ba wadda ta leƙo. Aka kira la'asar a masallacin bakin layi, na je na yi salla, na hau adaidaita na koma.